Daga Madatsar Jebba Zuwa Zauren Kawu Mukhtari

Jebba, 3 ga Oktoba

Zuwa ga taubashina Junaidu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Mu'minat da yara. Yaya jikin Kawu Mukhtari, yaya idon? Ka gaida ƙanwarmu Safiyya da maigidanta. Ni ina nan ƙalau, sai kewar gida.

Tun da aka rufe layukan waya a wajenku ban ji muryar kowa ba. Shekaranjiya Allah ya haɗa ni da Lawwali direba a bakin gada, ya ɗauko albasa zai yi Ikko. Ya ce ta nan yake ratsawa kullum, in ya juyo zai karɓi saƙo. To, ga hanya ta samu. Ka karanta wa Kawu wannan, tunda yanar ido ta hana shi karatu.

Kawu, ranar da zan taho ka tambaye ni yadda ruwa, da aka sani da kashe wuta, yake haifar da ita. A lokacin motar tana jira, ban amsa maka da kyau ba. Ga amsar. An tare kogin Kwara da wani ƙaton bango, ruwa ya taru a bayansa ya yi zurfi. Sai a buɗe masa ƙofa, ya gangaro da ƙarfi ta cikin wani bututu wanda motar Lawwali za ta shige ba ta taɓa gefe ba. A ƙarshen bututun akwai farfela ta ƙarfe. Ruwa ya buge ta, ta juya. Ita kuma tana haɗe da wata sanda mai kauri da ta miƙe sama, a kan sandar an ɗaura maganaɗisu. Maganaɗisun nan yana juyawa a tsakiyar naɗin wayar jan ƙarfe, sai wuta ta taso a cikin wayar. Ruwan bai ƙone ba, bai ragu ba, ya fita ta ɗaya gefen ya ci gaba da tafiyarsa, masunta suna jiransa a ƙasa. Irin injin nan shida muke da su. In ka tsaya kusa da guda, za ka ji ƙasa tana rawa a tafin ƙafarka.

Kai kuma Junaidu, injiniyan gindin bedi, yaya shagon nan naka na inuwar darbejiya? Har yanzu kana nan kana naɗa wa manoma injin ban ruwa? Wallahi da za a kwaso duk janaretocin da ke gabanka a zuba wa injinmu guda, ko loma ba za su yi masa ba. Ka zo wata rana ka ga yayyensu.

Kawu, ina neman addu'a.

Naku,
Bashar

*

Illela, 17 ga Oktoba

Bashar,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Idon Baba na nan yadda ka bar shi, likita ya ce sai yanar ta nuna za a yi aiki.

Wasiƙarka ta iso ranar Lahadi, ranar kasuwa, zaure cike da mutane. Baba ya ce in karanta nan take. Ban duba ta ba tukuna, na buɗe na fara. Sau uku na karanta ta a ranar, don duk wanda ya shigo sai Baba ya ce, “Junaidu, maimaita mashi wurin farfelar ga.” Na lura har Hausarka ta koma ta rediyo.

Da na kai wurin injiniyan gindin bedi, zaure ya kwashe da dariya. Baba har da share hawaye. Yanzu ko masu baro, in sunka biyo ta gaban shago, da sunan ga suke kirana. Na san wasan taubasai ne, amma wasan da munka saba yi mu biyu muke yin shi, ba a gaban abokan ubana ba, kuma ba da bakina ba.

Ka san abin da Baba ya ce da na gama? Ya ce, “Ku ji ɗana! Wutar ƙasar ga duk a hannunai take.” A lokacin da shike faɗin haka kwananmu tara ba mu ga wuta ba. Fankar da ke kaɗa mashi iska a zauren, janaretona ke juya ta, wanda na naɗa da hannuna bayan mai shi ya yar da shi. Shekara goma sha huɗu ina wannan aiki, maganaɗisu da naɗin waya su ne abincina. Bai taɓa tambayata yadda wuta ke tasowa ba. Sai da ta fito daga Jebba a cikin ambulan sannan ta zama abin mamaki.

Ba na mance cewa tun rasuwar Gwaggo, mahaifiyarka, gida ɗaya munka tashi, tabarma ɗaya. Ba na kuma mance cewa da anka ce ɗaya zai ci gaba da karatu ɗaya ya tsaya kusa da gida, ba a tambaye ni wanne nike so ba.

Ga wani zance. Ƙungiyar manoman albasa na Gidan Katta za su sa farantan sola a fadama, don su huta da sayen fetur na injin ban ruwa. Suna neman wanda zai tsaya kan aikin, ya kuma riƙa kula da shi. Ni na zagaya rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, na auna zurfinsu, na zana yadda za a jera komai. Shugabansu Alhaji Jabir ya zo wurin Baba neman shawara, ina tsaye a wurin. Baba ya ce, “Ku dakata mu ji mi Bashar zai ce, shi ya yi karatun abin.” Alhaji Jabir ya naɗe takardar zanena ya miƙo mani.

To, malam mai karatun abin, muna jiran ka.

Baba ya ce in tambaye ka, wuraren da babu kogi, da mi suke yin tasu wutar?

Junaidu

*

Ikko, 30 ga Oktoba

Taubashina Junaidu,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, Allah ya ƙara wa Kawu sauƙi. Za ka yi mamakin ganin Ikko a saman takarda. An turo mu kwas na mako biyar a wata tashar wuta ta gas a nan kusa. Na nemo Lawwali a kasuwar da yake sauke albasa, ya ce ka ba shi wasiƙa, amma ya bar ta wurin masu gadi a Jebba, bai san na taho ba. Saboda haka ban ga abin da ka rubuta ba. Da baki ya faɗa mini cewa Kawu yana tambayar yadda marasa kogi suke yi, ya kuma ba ni labarin solar Gidan Katta.

Kawu, abin da zai ba ka dariya shi ne, kusan duk abu ɗaya ake nema: a sami abin da zai juya farfela. A nan inda nake, gas ake ƙonawa a ƙarƙashin wata tukunya mai tsawon bene. Ruwa ya tafasa ya zama tururi, tururin ya fita da ƙarfin da zai iya yanka ƙarfe, ya bugi farfela. Daga nan labarin ya koma irin na Jebba, sanda da maganaɗisu da naɗin waya. A wasu tashoshin ma ba a dafa ruwa, zafin gas ɗin da kansa ke tura farfelar, kamar injin jirgin sama. Tashar da ka ce ka gani a can wajen Agadas lokacin da kake fatauci, su gawayin ƙasa suke haƙowa su ƙona, shi ya sa ka ga hayaƙi. Ƙasar nan mai yuraniyom da ake haƙowa a Arlit kuwa, da ka ce manyan motoci suna ratsa Ƙonni da ita, in an kai ta Turai an tace, zafi take fitarwa ba tare da an kunna mata wuta ba, kuma duk wannan wahalar don a tafasa ruwa ne kawai. Masu iska su ma farfela ce a kan dogon turke.

Sola ce kaɗai ta fita daban. Babu abin da ke juyawa a cikinta, babu maganaɗisu, babu naɗi. Hasken rana ne ke faɗawa kan farantin, ya zaburar da wutar kai tsaye ta bi waya. Don haka ita ba aikin masu naɗin waya ba ce, Junaidu, ba irin abin da hannunka ya saba da shi ba ne.

Ni ma ba irin nawa ba ne, a littafi kawai na san ta. Amma ku faɗa wa Alhaji Jabir wannan daga bakina: farantin ba shi ke ba da wahala ba, a kafa shi ya kalli rana, a riƙa goge shi, ya gama. Abin da ke lalacewa shi ne famfon da zai jawo ruwan, shi kuwa injin ne mai naɗin waya. Daga Illela har Gwadabawa ban san wanda ya san cikin injin kamar Junaidu ba. Duk abin da na sani na maganaɗisu, a kan bencinsa na fara ganinsa kafin wani malami ya rubuta mini a allo. Kada su ɗauko baƙo wanda zai kafa ya tafi. Su ba Junaidu.

Ku sa ni a addu'a, abincin nan duk barkono ne.

Bashar

*

Jebba, 5 ga Disamba

Junaidu,

Assalamu alaikum. Na dawo Jebba, masu gadi sun ba ni wasiƙarka ta Oktoba. Na karanta ta a tsaye a bakin ƙofa, na kasa shiga.

Wallahi ban yi tunanin a zaure za ka karanta waccan maganar ba. Na yi wauta, ka yi haƙuri. Sauran abin da ka faɗa, ba na takarda ba ne, sai mun haɗu.

Amma shirun nan ya dame ni. Sau biyu ina sake haɗuwa da Lawwali a Ikko, hannu wofi. Na tambaye shi ko Kawu lafiya, ya ce lafiya lau, ya kawar da kai ya shiga mota. Me ake ciki? An yi aikin idon ne ba a faɗa mini ba? Me Alhaji Jabir ya ce da ka karanta masa saƙona? Ko layi biyu ne ka rubuto.

Bashar

*

Illela, 19 ga Disamba

Bashar,

Baba na nan lafiya, ba a yi aikin ba tukuna. Ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen. Sauran kuma ka zauna kafin ka karanta.

Wasiƙarka ta Ikko, a shago Lawwali ya ba ni. Na ce wannan karon sai na duba kafin a sake mayar da ni abin dariya. Na karanta har na kai inda ka ce sola ba aikin masu naɗin waya ba ce, ba abin da hannuna ya saba da shi ba ne. Nan na tsaya. Na ce wato sunan da ka laƙaba mani bai ishe ka ba, sai ka sa na karanta da bakina, a gaban Alhaji Jabir, cewa ban iya ba. Na ninke ta na jefa cikin akwatin da nike ajiye ƙonannun wayoyi. Ban ƙarasa ba.

Da na koma gida Baba ya ce, “Na ji ƙarar motar Lawwali. Babu saƙo?” Na ce babu.

Kowace Lahadi sai ya tambaya, kowace Lahadi in ce babu. Ba zan ɓoye maka ba, makon farko daɗi na ji. Zaure ya daina zancen Jebba. Mako na uku Baba ya daina ambaton sunanka a gaban mutane. Wani abokinshi ya ce, “Yaran yanzu, in sunka ga gari sai su mance gida.” Baba ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Abin da na daɗe ina so ke nan, in ga ranar da ba kai ne a bakinshi ba. Da ranar ta zo, tuwo ma kasa ci na yi.

Wasiƙarka ta Disamba ita ma cikin akwatin ta tafi, ko buɗewa ban yi ba sai yau.

Alhaji Jabir ya jira ka har ya gaji, ga lokacin dashe yana wucewa. Ya ce tunda mai karatun bai ce komai ba, ba za su yi kasada ba. Sun ɗauko wasu mutane daga Sakkwato. Ranar Alhamis na ga motarsu ta wuce da farantan, sun yi hanyar Gidan Katta. Na koma shago da nufin in ƙona takardunka duka biyu. Na buɗe ta Ikko don in sake ganin layin da ya ɓata mani rai, in ji ƙarfin kunna ashana. Sai idona ya sauka kan abin da ke ƙasa da shi.

Su ba Junaidu. Haka ka rubuta. Kwana arba'in da wani abu maganar ga tana kwance cikin ƙonannun wayoyi, taku biyu daga inda nike zama.

Mu'minat kaɗai na faɗa wa. Ta dube ni ta ce, “Aikin da ya wuce ya wuce. Tsohon fa?”

Ban san mi nike nema gare ka ba. Na dai ga ya kamata ka sani.

Junaidu

*

Jebba, 28 ga Disamba

Junaidu,

Na karanta. Kwana biyu ina fushi, na uku na ɗauki biro.

Kana ganin ni na ci riba. Bari in faɗa maka aikina. Ina zaune a ɗaki mai sanyi ina kallon allo, duk sa'a in rubuta lambobi a littafi. In injin ya sami matsala wasu ake kira su buɗe shi, ni sai dai in leƙa daga bayan igiya. Shekara uku rabon da in riƙe sifana. Farfelar da nake ba Kawu labari, sau ɗaya na taɓa ganinta da idona. Kai kuwa manomi yana kawo maka mataccen inji da safe, la'asar ya tafi da shi yana ruri. Da na kira ka injiniyan gindin bedi, rabin maganar wasa ne, rabin kuma haushin kaina.

Ka tuna ranar da muka ƙona rediyon Kawu da batirin babur? Ni na haɗa wayar. Kai ya zane, ni ya shafa kaina ya ce in je in yi wasa. Kana kuka kana hararata, ba ka san ni ma kukan na je na yi a bayan rumbu ba. A ranar na gane cewa ni amanar ƙanwarsa ce, kai ne ɗansa. Ni ake yabo a zaure don kada maraya ya ji babu daɗi. Amma da likita ya tambayi wanda zai riƙe hannunsa ranar aikin ido, ina wurin, sunan wa ya kira?

Aikin Gidan Katta ya ba ni takaici, amma injinan nan za su buƙaci hannu wata rana, kuma mutanen Sakkwato ba za su kwana a fadama ba. Abin da ka yi mini, na bar shi. Abin da ka yi wa tsoho, da ka bar shi wata biyu yana zaton na watsar da shi, ba ni ke da ikon yafe shi ba. Ka je ka karanta masa duka, har da wannan. Kada ka tsallake layi ko ɗaya.

Bashar

*

Illela, 9 ga Janairu

Ɗan'uwana Bashar,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sanyi ya yi sauƙi. An sa ranar aikin idon Baba, ashirin da huɗu ga wata, a Sakkwato. In za ka samu izini ka zo.

Na yi abin da ka ce. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na jira zaure ya watse, na zauna gabanshi da takardu uku. Na ce, “Baba, ƙarya na yi maka. Bashar ya rubuto, ni na ɓoye.” Na karanta ta Ikko tun daga farko. Wurin gawayin Agadas ya gyaɗa kai ya ce, “Haka ne, na ga hayaƙin.” Na karanta ta biyu. Ta ukun ce ta ba ni wuya, musamman zancen rediyo. Nan ya ɗaga hannu na dakata. Sannan ya ce, “Ashe yaron ga ya ji ciwon wannan.” Ya ce in ci gaba.

Da na gama na ce ya yafe mani. Ya ce, “Junaidu, kana tsammanin Lawwali bai shigowa gaishe ni? Tun ranar farko ya hwaɗa mani ya ba ka takarda. Ni na ce ya yi shiru.”

Na ce, “To Baba, mi ya sa kake tambayata kowace Lahadi?”

Ya ce, “Lafiyar Bashar na sani, Lawwali na ganin shi. Kai nike jira.”

Na ce amma ya bari aikin Gidan Katta ya wuce ni. Ya ce bai san abin da ke cikin takardar ba, ni ma da ke riƙe da ita ban sani ba. Sannan ya ce, “Ranar da Jabir ya zo, da na ce a ba ɗana, sai a ce son kai ne. Na so ta fito daga bakin wani. Kuskurena shi ne ban hwaɗa maka haka ba.” Shekarata talatin da shida, ban taɓa jin Baba ya ce ya yi kuskure ba. Ban san inda zan sa idona ba.

Ya yafe, amma bai bar ni haka nan ba. Ya ce daga yau Safiyya ce za ta riƙa zuwa tana karanta mashi wasiƙunka, a cikin gida, har ranar da idonshi zai buɗe ya karanta da kanshi. Na ce na ji.

Ba zan ce maka abin ya fita daga raina duka ba. Jiya ma da ya ce wa wani baƙo yana da ɗa a Jebba, na ji ɗan abin nan ya motsa. Na dai san sunanshi yanzu, hassada ce, in ya taso sai in yi a'uziyya in koma kan aikina.

Wani abin da ban zata ba shi ne, karatun nan da nike yi ina jin haushi, ashe ina son shi. Ka rubuto da wuri. Baba yana tambaya, in ruwan kogi ya ja baya da rani, yaya kuke yi? Ni ma ina son in sani. Ka yi rubutun da manyan baƙi, Safiyya ba ta saba da hannunka ba. Ni zan tsaya daga bakin ƙofa, bai hana ni saurare ba.

Naka,
Junaidu